Wadda Za Ta Buɗe wa Zuhura Guɗa

Argungu, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗana Ikrima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mutanen Gwadangaji baki ɗaya. Ka gaida mahaifiyarka Maryamu, ka ce mata zumar da ta aiko ta iso. Mu nan lafiya lau, shinkafar fadama ta yi kyau bana.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Ka dai ji an yi min aikin maƙoƙo bara. Ƙullutun ya tafi, alhamdu lillahi, sai dai ya tafi da muryata. Raɗa kawai ta rage min, sai mutum ya kawo kunnensa bakina kafin ya ji ni. Ni kuma da na ƙare ƙuruciyata ina koya wa 'yan firamare rubutu, ba zan zauna ina tsikarar gilashin waya da yatsa ɗaya ba. Biro na sani, shi zan riƙe. Kakanka Riskuwa da mahaifina ciki ɗaya suka fito, saboda haka ko da yake rabon da ka taka ƙofata tun bikin Rauda ɗiyar yayata, ina da ikon in aike ka.

An sa ranar Zuhura, bayan an gama girbin shinkafa. Ka san ta, ɗiyar ƙanena marigayi Ja'afar, wadda na goya tun ba ta iya zama ba. Yaron mutumin Augie ne, manomin albasa, ita ta zaɓo abinta kuma ban ga aibinsa ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. A gidanmu, in za a fito da amarya daga ɗaki, babu macen da ke buɗe baki da guɗa sai babbar goggo ta fara. Haka muka tarar. Tun rasuwar yayata ni ce nake buɗewa, kuma ba yabon kai ba, in na kama hanci a nan, masu wanki a bakin gulbi sun san an fito da amarya. Na buɗe wa 'ya'yan kowa. Yau an zo kan tawa, ba ni da murya.

Jiya Baiwa, ɗiyar baffana wadda ke bi na a girma, ta dafa kafaɗata ta ce, "Yaya, kak ki damu, ni za ni yi maki ita rannan, ke dai zamna ki huta." Da zuciya ɗaya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi yi min zafi.

Mahaifiyarka ta ce kana haɗa sauti a gidan rediyo, in ka dawo gida kuma ka kulle ɗaki kana fitar da wasu ƙararraki da kwamfuta, su ba kiɗa ba su ba kuka ba. Ƙorafi take yi, ni kuwa na riƙe maganar. Ga memori a cikin takardar nan, bidiyon bikin Rauda ne, guɗata tana ciki. Ka ciro min ita, ka gyara ta yadda za ta fita da ƙarfi a lasifika. Aiki na ba ka, in ba ka iyawa ka faɗa da wuri. Hammadu direba yana shiga Birnin Kebbi kullum da safe, ka ba shi amsa.

Goggonka,
Ruƙayyatu

Gwadangaji, Birnin Kebbi, ranar Jumma'a

Zuwa ga Goggo Ruƙayyatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Inna tana gaishe ki, mu duka lafiya. Na ji kunyar abin da kika faɗa kan zumunci.

Goggo, ke ce mutum ta farko a danginmu da ta kira abin da nake yi aiki. Saboda haka na ajiye komai na kama naki.

Na kalli bidiyon. Ciro guɗa daga cikinsa ba zai yi kyau ba, don janareto yana kuka a baya, masu kiɗan ƙwarya suna yi, yara suna ihu. Abin da ya fi shi ne in ƙera miki ita sabuwa. Abin da nake aiki da shi sunansa sintisaiza. A da akwatin ƙarfe ne mai tarin wayoyi, yanzu manhaja ce a cikin kwamfuta, aikinsa ƙera sauti. Iri uku gare ni. Sunayensu na Turanci ba za su ƙara miki komai ba, bari in gaya miki waɗanda na raɗa musu.

Akwai 'Yar Kanti. Ita da sautukanta take zuwa a shirye, jere kamar kaya a kanta, kuma in ka ba ta wata murya ta saurara sai ta kwaikwaye ta. Tana da sauri, da ita nake yin tallace-tallacen rediyo. Akwai Mai Alƙalami, wadda komai sai ka rubuta mata shi da lissafi, ba ta ƙara ba ta rage. Sai Mai Igiyoyi. Wannan in kin buɗe ta ba ta cewa uffan. Ƙananan akwatuna ne cike da allon kwamfuta, kowanne da aikinsa guda: wani ya fitar da sauti tsurarsa, wani ya tace shi kamar rariya, wani ya kaɗa shi. Kai za ka ja igiya daga wannan zuwa wancan har abin da kake nema ya fito. Ita ce ke sa Inna ta buga min ƙofa tana tambaya ko lafiya. Ita na fi so a raina, amma tana cin lokaci, biki kuma ba ya jira.

Don haka na ɗauki 'Yar Kanti. Na nemo guɗar da ta danne ta kowa a bidiyon, don na san ba za ta wuce taki ba, na ba ta ta koya. Goggo, sai kin ji! Ta fito tas, babu janareto babu komai. Na kunna wa abokan aikina a situdiyo, har wani ya leƙa waje yana neman matar. Na kuma shirya ta yadda muddin kina danne da maɓalli ba za ta tsaya ba, ko har la'asar kike so ta kai. Babu macen da za ta kama ƙafarki a ranar.

Tana cikin memorin. Ki sa a waya ki ƙure ƙara.

Ɗanki,
Ikrima

Argungu, ranar Litinin

Ikrima,

Gaisuwa. Jiki da sauƙi.

Na sa memorinka a waya, na ƙure ƙara kamar yadda ka ce, a tsakar gida, mata suna zaune ana tsintar shinkafa. Tana farawa Baiwa ta saki faifai ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu! Wa ad ɗauke ni ban sani ba?"

Guɗar Baiwa ka ƙera min. Kowace mace a wurin ta gane ta tun kafin ta kai rabi, siririyar nan mai kaifi da ke fita ta gefen baki. Aka yi ta dariya har da masu share hawaye. Ni ma na buɗe haƙora, don ba yadda zan yi. Ka sa na tsaya a gaban ƙannena da muryar wata a hannuna, kamar wadda ta je biki da zanen aro mai zanen kuma tana wurin.

Sannan ko da tawa ce, wace irin guɗa ce wannan da ba ta numfashi? Na danne maɓallin da ka ce har yatsana ya gaji, ita ko a jikinta.

Idan iyakar abin da injinka ya iya ke nan, ka bar shi.

Ruƙayyatu

Argungu, ranar Alhamis

Ɗana Ikrima,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka. An yanke shinkafa, an sheƙe, har an fara kai ta gida, ban ga takardarka ba. Kullum Hammadu ya dawo sai ya juya min tafin hannu. Ya ce hannu da hannu ya ba ka waccan, ka karanta a tsaye a tasha, ka ninke ka tafi ko sallama babu. Fushi kake yi ke nan? Cewa na yi idan iyakar iyawar injinka ke nan. Ai kai da bakinka ka ce uku gare ka, guda kawai ka gwada. Yaran da na koyar sun sha jan biro fiye da haka, kuma da safe su dawo aji.

Bayan na huce na zauna na kalli bidiyon nan daga farko har ƙarshe. Babu ni a ciki, Ikrima. Mai ɗaukar hoto namiji ne, ba a barinsa shiga sai an lulluɓe amarya an fito da ita tsakar gida. Ni kuwa a bakin ƙofar ɗaki nake buɗewa, in gama in ja da baya in bar wa sauran. Kafin ya shigo na riga na gama. Na aika aka karɓo min bidiyon wasu bukukuwan dangi, duk haka suke. Wato duk faɗin Argungu babu inda guɗata ta rage. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye maka ba.

Tun da babu abin da za ka kwaikwaya, bari in kwatanta maka ita. Tawa tana da kauri. Daga ƙasa take farawa, ta hau a hankali, harshe yana rawa ba da gaggawa ba, in ta kai ƙololuwa ta tsaya can, sannan a ƙarshe ta faɗo ta yanke kamar shaƙuwa. Ta Baiwa kuwa daga sama take farawa ta ƙare a sama.

Ga kuma abin da ku maza ba ku sani ba. Mata in ana guɗa inda za ta ƙare suke saurare. Wadda ta yi 'yar gajera an san fita kunya ta yi. Wadda ta ja har jijiyar wuyanta ta tashi, an san amarya tata ce har zuciya. Da iskar ƙirjinki ake gane matsayin yarinya a wurinki. To naka da ba ya gajiya, me ya bayar? Ni numfashina lafiyarsa lau, da shi nake hura wuta. Abin da zai kaɗa a maƙogwaro ne babu.

Abin ya ƙara girma. Zuhura ta ji zancen Baiwa, ta same ni a ɗaki ta ce, "Inna, in ba ke za ki buɗe ba, a hid da ni shuru. Ni ban son ta kowa." Na san taurin kanta, a wurina ta koya. In aka fito da ita shiru a gaban matan Augie, za su koma gida su ce amaryar da ba ta da kowa aka ba su. In kuma na tilasta mata Baiwa, ta bar gidana da ɓacin rai. An fara ɗinkin anko. Ka ba ni amsa ko ta a'a ce.

Goggonka,
Ruƙayyatu

Gwadangaji, ranar Asabar

Zuwa ga Goggo,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, ki yi haƙuri. Na ɗauka kin sallame ni ne, kuma kunyar abin da na jawo miki a gaban mata ta hana ni ɗaukar biro. Amma takardarki ta shekaranjiya ta yanke min shawarar da na kasa yankewa da kaina.

'Yar Kanti ta fita, tun da ba ta iya komai sai an ba ta abin kwaikwayo. Na zauna da Mai Alƙalami yini guda. Zan iya rubuta mata hawa da tsayawa da faɗowa daidai yadda kika kwatanta, sai dai kullum haka za ta maimaita, tsawon da na rubuta mata shi za ta yi, ke kuwa 'yar danna maɓalli ce kawai. Wannan guɗata ce ke nan, ni da ban taɓa kama hanci ba. Na rufe ta.

Saura Mai Igiyoyi, kuma dalilin zaɓenta yana cikin maganarki, inda kika ce da numfashinki kike hura wuta. A cikin akwatunanta akwai wani da aikinsa sauraro. In aka haɗa shi da makirfo kika hura iska, zai buɗe wa sauti hanya daidai ƙarfin hurawarki. Kika ƙara ƙarfi ya hau, kika sassauta ya sauko, iska ta ƙare ya mutu nan take. Ba maɓalli, ba komai. Na haɗa shi da akwatin da ke fitar da sauti, na bi da shi ta rariya biyu don ya yi kauri ya fito ta hanci, na sa wani akwatin yana kaɗa shi a madadin rawar harshe. Na gwada da bakina, abin ya yi muni ƙwarai, amma yana gajiya lokacin da na gaji. Goggo, na daɗe ina wasa da igiyoyin nan, ban taɓa haɗa abin da ya sa tsigar jikina ta tashi irin wannan ba.

Launin muryar ne ban sani ba, sai kin taya ni. Na sa gwaji huɗu a memori, kowanne da yadda na juya rariyar. Ki saurara ke kaɗai a ɗaki wannan karon, ki gaya min wanda ya fi kusa, da abin da ya rage masa. Za mu yi ta haka har mu dace, sannan in kawo miki kayan da kaina: kwamfuta, makirfo da lasifika mai caji.

In kina so, makirfon ƙarami ne, zai ɓuya a ƙarƙashin mayafi ba wanda ya gani.

Ɗanki,
Ikrima

Argungu, ranar Talata

Ɗana Ikrima,

Madalla da ka dawo hayyacinka. Muna lafiya.

Na farko sauro ne. Na biyu kamar an taka wutsiyar kyanwa. Na huɗu yana da kauri amma namiji ne, ka ba limaminku. Na uku ya sa na ajiye wayar, don na ji ƙanshin abin a cikinsa. Ka rage masa kaifi, ka ƙara masa hanci, kuma wannan rawar tasa ta cika daidaito, kamar keken ɗinki. Harshen mutum yana tuntuɓe.

Na karanta bayanin igiyoyinka sau biyu, kuma na gane shi sarai, kada ka ɗauka tsohuwa ba ta bi ba. Ka zaɓi daidai. Da ita ya kamata ka fara, da ba ka tsaya neman sauƙi ba.

Zancen ɓoyewa a mayafi kuwa kada in ƙara jin sa. Duk garin nan an san ba ni da murya. In ɓoye in yaudari wa? A hannuna zan riƙe shi kowa ya gani, in an tambaya in ce ɗana ne ya ƙera min a Birnin Kebbi.

Goggonka,
Ruƙayyatu

Argungu, ranar Laraba

Ɗana Ikrima,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa gida lafiya ranar Lahadi. Ka manta hularka a kan buhun shinkafa, na ba Hammadu. Zuhura ta ce in gaya maka ba ka ci tuwonta da yawa ba, ta riƙe ka a zuci.

Tun tafiyarka kullum da hantsi nake gwadawa. Ina bin yadda ka nuna min: in kunna, in jira akwatunan su bayyana, in nisanta lasifika daga makirfo don kada ya yi wannan ƙugin. Ban taɓa igiya ko ɗaya ba. Har yanzu ina jin daɗin abin nan da muka gano tare, da na kaɗa harshe ina hurawa sai injin ya bi rawar harshena, ka zare igiyar keken ɗinkin nan ka ce ba a bukatarta. Na ga fuskarka lokacin, kamar wanda aka yi wa albishir da ɗa namiji. Ka cancanci ka ji daɗi, aikinka ya yi kyau.

Shekaranjiya na ɗan sake jiki na hura sosai. Kafin in ajiye makirfo sai ga Asiya maƙwabciyata ta faɗo gidan ba ko mayafin kirki tana cewa, "Wa ah haihu? Malama, muryakki ta dawo?" Na nuna mata abin, ta zagaya shi tana salati. Ita ta san guɗata tun muna amare, kuma daga bayan katanga ta gane ta.

Abu ɗaya ke damuna, ba ta tsawo. Iskar da nake cewa lafiyarta lau ashe ta hura wuta ce kawai. Da na kai ƙololuwa sai ƙirji ya ce ya gama. Ina ta horar da shi, ina hawa tudun bakin gulbi da safe. Ban gaya wa kowa wannan ba sai kai.

Ka zo da wuri ranar ɗaurin aure, ka shirya kayan a ɗakina kafin mata su cika gida, sannan ka fita wurin maza inda ya dace da kai.

Goggonka,
Ruƙayyatu

Gwadangaji, ranar Litinin

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar biki? Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa albarka. Ban samu ganinki ba kafin mu taso, gidan ya cika da mata.

Ina zaune a ƙofar gida kan tabarma bayan la'asar, sai na ji guɗar ta taso ta bayan katanga. Wani tsoho maƙwabcinki da ke kusa da ni ya tsaya da goro a hannu ya ce, "Kai! Wagga ta Malama ta. Ba an ce muryatta ta tahi ba?" Ji na yi kamar in miƙe in gaya wa duk layin cewa da hannuna a ciki. Inna ma da muka dawo ta leƙo ɗakina ta ce in nuna mata igiyoyin nan.

Sai dai Goggo, ta yi gajera, ta ma fi ta gwaji gajarta, kuma ta yi rawa tun daga farko. Na tuna abin da kika ce mata suna saurare, hankalina ya tashi. Na kuma lura duk guɗar da ta biyo baya gajera ce, har na ce ko wani abu ya faru a ciki. In matan Augie sun tafi da wata magana, laifina ne da ban sa miki abin da zai riƙe sautin ya ɗan ja bayan iska ta ƙare ba. Akwai akwatin da ke yin haka, na yi ta tunanin sa shi ban sa ba.

Ga abin da zan iya yanzu. Kwamfutar ta naɗi guɗarki tas, karo na farko da aka taɓa naɗar ta, kuma ni aka ba haɗa sautin bidiyon bikin. Zan iya jan ta ta yi tsawon irin na da, in gyara rawar, ba mai ganewa. Ita ce za ta rage wa 'ya'yan Zuhura. Ki ba ni izini kawai.

Ɗanki,
Ikrima

Argungu, ranar Alhamis

Ɗana Ikrima,

Wa alaikumus salam. Gajiya ta bi lafiya. Baƙi sun watse, an mayar da tukwanen aro, gidan ya yi min faɗi. Zuhura ta aiko daga Augie, tana lafiya.

Bari in ba ka labarin abin da katanga ta ɓoye maka. Da aka gama shirya ta aka lulluɓe ta, na tsaya a bakin ƙofa, makirfo a hannun dama, wayarsa tana jan ƙasa ta ƙarƙashin labule. Tsakar gida ba masaka tsinke. Na ji wata daga cikin matan Augie tana cewa, "Mi a wanga ta riƙa? Wa'azi za a yi?" Baiwa ta juya ta yi mata kallo ɗaya, matar ta kama bakinta.

Na kama hanci da hagu, na ja iska. A nan ne Zuhura ta miƙo hannu ta ƙarƙashin lulluɓi ta riƙe gefen zanena, yadda take yi tana ƙarama in za mu tsallaka titi. Kuka ya taso min, shi ne rawar da ka ji. Injinka bai rufa min asiri ba ko kaɗan, yadda ƙirjina ya yi haka ya faɗa wa jama'a. Na hura duk da haka. Ta hau, ta kai inda za ta kai, na riƙe ta har na fara ganin duhu-duhu, ta faɗo ta yanke. Sai da na jingina da ƙyaure, Asiya ta tare ni ta baya.

Na san ta yi gajera, na kuma san kowa ya sani. Sai Baiwa ta kama hanci. Matar da ke iya ja har a gaji da ita, tana kaiwa daidai inda tawa ta tsaya ta yanke. Rauda ta karɓa, ita ma ta yanke a nan. Haka matan gidanmu suka yi ta yi ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta wuce ni, ba kuma wanda ya shirya musu. Matan Augie suka dubi juna, babbarsu ta kama hanci, ita ma ta tsaya inda muka tsaya. Da za su shiga mota ta riƙe hannuna ta ce, "Mun ga uwar ɗiya. Mu ka riƙa maki ita da kyau, in Allah ya so."

Don haka ban ba ka izini ba. In ka ja tawa ta yi tsawo, ka mayar da duk matan nan marowata a bidiyo, alhali kara suka yi min. Rawar ma ka bar ta. Kuma ka daina cewa laifinka ne. Da ka sa akwatin nan mai ƙara tsawo, da ban yafe maka ba. Ka ƙera abin da ya faɗi gaskiyata a gaban mutane, ni kuma ina alfahari da kai, na faɗa wa duk wadda ta tambaya har da waɗanda ba su tambaya ba.

Ka sa ta a bidiyon yadda ta fita. In 'ya'yan Zuhura suka girma suka tambaya me ya sa ta kakarsu ta yi gajera, a gaya musu iyakar iskar da ke ƙirjinta ke nan a ranar, kuma duka ta ba uwarsu.

Ka gaida Maryamu.

Goggonka,
Ruƙayyatu